Wai laifin uwa ne batir ya faɗo daga abin wasan yaro

Wata uwa ta koma shagon da aka sayar mata da motar wasa mai fitila da kiɗa, motar a hannu ɗaya, takardar asibiti a ɗayan. Ɗanta mai wata 18 yana kwance, an zaro masa batir daga maƙogwaro da na'ura, kuma likita ya ce sai an ci gaba da sa masa ido na makonni, domin ƙunar tana ci gaba da ci ko bayan an cire batirin. Ko sisi ba ta je nema ba. Ta je ne ta roƙi a sauke sauran motocin daga kan kanta kafin su shiga gidan wani.

Ta yi sallama, ta ajiye motar a kan tebur, ta kife ta, ta sa farce ta ɓalle murfin gidan batir. Ko ƙarfi ba ta sa ba.

"Malam, dubi nan. Babu noti. Yaro ya buɗe ya haɗiye."

Bai ɗago daga kan wayarsa ba. "Hajiya, kaya in ya fita ba ya dawowa."

"Ban ce ka karɓa ba. Cewa na yi ka daina sayar da su. Ɗana yana asibiti."

Sai a lokacin ya ɗago, ya dubi motar, ya dube ta daga sama har ƙasa. "Allah ya ba shi lafiya. To amma ni na ƙera? Yadda aka kawo mana haka muke sayarwa. Katan nawa muka sayar, ba wanda ya dawo sai ke."

Ya jawo kwalin wata motar, ya juya bayansa, ya ɗora yatsa a kan wata 'yar alama da ba ta kai girman farce ba, fuskar jariri da 0-3 a cikin jar da'ira, wato kada a ba yaron da bai kai shekara 3 ba. "Kin gani? An rubuta."

"Ranar da na saya na gaya maka shekararsa ɗaya da rabi, ka ce ai ita ce daidai da shi."

"Ni ban tuna ba." Ya ture mata motar. "Gaskiya ku mata ku riƙa kula da 'ya'yanku. Ke kina ina ya haɗiya?"

Tana tsaye, bakinta na rawa, ya miƙa hannu ya ɗauko wata irinta sak, ya kunna wa mai saye na gaba fitilar.

Kina ina! Tana nan, Malam, a ɗakin, hannunta na iya kaiwa gare shi. Yaro ɗan wata 18 yana kai abu baki kafin ka juya ka ɗauki cokali, kuma duk wanda ya taɓa renon yaro ya san haka. Shi ya sa ƙa'idar ƙera kayan wasa ta ce gidan batir kada ya buɗu sai da sukudireba, ko kuma sai an yi motsi biyu daban-daban a lokaci guda, wanda ƙaramin hannu ba zai iya ba. Wanda ya tsara ƙa'idar ya san ido ba ya tsare yaro dare da rana. Noti ɗaya aka hana yaron nan, aka sa kuɗinsa a aljihu, sannan aka dubi tsabar idon uwarsa aka ce ita ce mai sakaci.

Mutane da yawa suna ɗauka batirin nan mai kama da kwabo zai bi ciki ya fita kamar tsakuwa. Mafi haɗarinsu shi ne mai lamba CR2032 da danginsa: faɗinsa milimita 20, ƙarfinsa bolt 3, daidai girman da zai maƙale a hanyar abincin ƙaramin yaro. Da ya maƙale, yawu ya jiƙa ɓangarorinsa biyu, sai wuta ta fara gudu, ta mayar da ruwan wurin ya koma sinadari mai cin nama irin sodar yin sabulu. Cikin awa 2 kacal yana iya yin mummunar ƙuna. Yana iya huda hanyar abinci ya shiga hanyar numfashi, ko ya kai ga babbar jijiyar jini, yaro ya yi ta aman jini kwanaki bayan an ɗauka ya warke. Batirin da ya mutu, wanda ba ya kunna rimot, shi ma yana da sauran wutar da za ta ƙone yaro.

Abin da ya fi tayar da hankali, yaron ba lallai ya shaƙe ba. Zai riƙa dalalar da yawu, ya ƙi abinci, ya yi tari ko amai, wani lokaci da zazzaɓi, sai a ce mura ce a sayo magani. Idan an ga gidan batir a buɗe kuma batir ya ɓata, kada a jira wata alama, a nufi asibitin da ke da na'urar ɗaukar hoton ƙirji, a faɗa musu tun daga ƙofa cewa batir ake zargi. Kada a sa shi amai, kada a ba shi abinci. Idan ya cika shekara 1, yana iya haɗiya, kuma ba a wuce awa 12 ba, a ba shi zuma cokalin shayi 2, wato mililita 10, duk bayan minti 10, har sau 6, a kan hanya. Zumar tana rage ƙuna ne kawai, ba ta cire batir, don haka kada a tsaya nemanta idan babu. Jaririn da bai kai shekara ba kuwa ba a ba shi zuma ko kaɗan. A gida, a bi rimot, makullin mota, ma'aunin zafin jiki, sikeli, agogo, takalmin yara mai walƙiya, duk murfin da ba shi da noti a naɗe shi da salatif mai ƙarfi ko a ɗauke shi sama. Tsohon batir a liƙe fuskokinsa biyu da salatif kafin a fitar da shi daga gida.

Wa ya taɓa jin wannan bayani daga bakin mai sayarwa? Shekara da shekaru ke nan muna sayen haɗari da kuɗinmu. 'Yar tsana idonta na ɓallewa da ja ɗaya, alhali ma'aunin da ake gwada kayan wasan 'yan ƙasa da shekara 3 sananne ne: duk guntun da ya shige bututu mai faɗin milimita 31.7 zai iya shaƙe yaro. Ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi, idan yaro ya haɗiyi biyu, sai su jawo juna ta cikin hanji, su matse naman tsakaninsu har ya huje, magani sai tiyata. Fenti mai sheƙi da ba wanda ya auna dalmar da ke cikinsa, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a kira lafiya lau. Kwalaben magani da na sinadarin wanke banɗaki masu murfin da ɗan shekara biyu zai murɗe a zama ɗaya.

Gaskiya ne, akwai namu. Kananzir ko maganin ƙwari a cikin robar lemo ganganci ne, kuma in yaro ya sha kananzir, sa shi amai ko ɗura masa mai da madara na iya tura shi cikin huhu, nan ne kisan yake. Bokiti mai ruwa santimita 5 ya isa ya halaka mai rarrafe, domin nauyin kansa yana rinjayarsa, ya faɗa ciki ba zai iya ɗagowa ba, kuma ba ihu za a ji ba. A zubar a kife. Kabad da talabijin a ɗaure su da bango. Hannun tukunya a juya shi ciki, in kuma ƙuna ta faru a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, ban da man goge baki. Waɗannan mun yarda aikinmu ne, kuma muna yi.

To amma a gaya mana yadda uwa za ta kula da abin da ido ba ya gani. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara fiye da 300, yawancinsu 'yan ƙasa da shekara 5, sun mutu a Gambiya da Indonesiya da Uzbekistan bayan shan magungunan ruwa na tari da zazzaɓi. An gauraya su da sinadarin da ake sawa a ruwan birki da na sanyaya injin mota, mai zaƙi, marar launi, mai kashe ƙoda. Iyayen nan kulawa suke yi lokacin da suka auna cokali suka ba 'ya'yansu. Ɗakin gwaji kaɗai ke iya gano wannan guba, kuma ɗakin gwaji aikin hukuma ne.

Ina hukumomin da aka kafa domin ingancin kaya? Ina masu duba kwantena a tashar jiragen ruwa? Ana karɓar haraji a kan kowane katan, ana buga hatimi, amma ba a samu mutum ɗaya da zai buɗe kwali ya sa farce a murfin batir kamar yadda matar nan ta yi ba. Ba wani abu ne da ya gagara ba. Ostareliya ta wajabta gidan batir mai tsaro tun watan Yunin 2022. Amurka ta kafa doka a watan Agustan 2022 da sunan Reese, yarinya 'yar wata 18 da batirin rimot ya kashe a 2020. Kanada ta haramta keken koyon tafiya na jarirai tun 2004. A 2016 aka janye durowar kamfanin IKEA miliyan 29 a Amurka saboda tana rikitowa kan yara, a 2019 aka janye gadon jijjiga jarirai na kamfanin Fisher-Price miliyan 4.7. Inda hukuma ke barci kuwa, ba sanarwa, ba janyewa, ba lambar da uwa za ta kira ta ce ga abin da ya sami ɗana, ba ma littafin da ake rubuta yara nawa batir ko kananzir ya kai asibiti a shekara. Kayan da wata kasuwa ta kora sai su kwararo inda ba a tambaya.

Mu ma jama'a da hannunmu a ciki. Yaro ya mutu, a taru a ce kwanansa ne ya ƙare, a koma gefe ana raɗa cewa uwar ba ta da kula, shi ke nan an rufe magana. Ba wanda zai ɗauki kwalin ya duba sunan wanda ya shigo da kayan. Imani da ƙaddara bai hana a tambayi wanda ya cire noti ba. A kama kayan wasan da murfin batirinsu ke buɗewa da farce tun daga tashar ruwa, a ci tarar mai shigowa da mai sayarwa tare, a tilasta rubuta gargaɗi da manyan baƙi cikin harshen da mai saye ke karantawa, a buɗe layin waya na masu kula da shan guba mai aiki dare da rana, kuma duk asibitin da ya zaro batir daga maƙogwaron yaro ya kai rahoton sunan kayan da inda aka saye shi a ranar.