Wa ya kamo kifin ƙanƙarar?

Malam da ke cewa ina ruwan Bakatsine da rahoton bautar da masunta a tsakiyar teku, leƙa Babbar Kasuwa ka ga kifin ƙanƙara kwali-kwali. Wa ya kamo shi? Ɗan jaridar da ya rubuta rahoton ya yi ƙoƙari, amma ya tsallake tushen matsalar. Da an wuce mil 200 daga gaɓa, dokar ƙasar da jirgi ke ɗauke da tutarta ce ke aiki, shi ya sa masu jirage ke rububin rajista a Panama da Laberiya, inda ba a cika matsa musu ba. Binciken da kamfanin dillancin labarai na AP ya yi a 2015 a Indonesiya ya kuɓutar da masunta sama da 2,000. To, masu jiragen nawa aka gurfanar?