Magidanta, Amanar Yaran Nan Tana Wuyanmu

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman magidanta. Maganata a kan allurar rigakafin ƙyanda ce ga yaranmu, amma bari in fara da wani misali.

Tsakanin 1987 da 1988 annoba ta auka wa dabbar tekun nan da ake kira dolfin a gaɓar gabashin Amurka, har teku ya watso gawarwaki sama da 700 bakin ruwa. Dolfin siffar kifi gare shi, amma iska yake shaƙa, macen kuma nono take ba ɗanta. Da likitocin dabbobi suka binciki gawarwakin, sai suka tarar da gyambuna a fatar wasunsu, a cikin gyambunan kuma ga waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu 'yan gasu da suke iyo da su, sun kutsa har cikin nama. Ba su ne suka fara ɓarnar ba. Ƙwayar cutar annobar ce ta fara rushe garkuwar jiki, sannan su kuma suka sami ƙofa a buɗe.

Wannan ƙwayar cuta 'yar uwar ƙyanda ce, kuma 'yar uwar cutar bushiya da ta sha ƙarar da garkunan shanu a ƙasar nan, wadda aka tabbatar a 2011 cewa allurar rigakafi ta kawar da ita daga duniya. Ƙyanda ma haka take aiki a jikin yaro: ƙurajen su kwanta, uwa ta yi hamdala, bayan 'yan makonni kuma sai ciwon huhu, ko gudawa, ko kunne mai zubar da mugunya, wani yaron ma har ya rasa ganinsa.

To, a ƙauyenmu nan wajen Ringim ma'aikatan lafiya sun zo yin allurar rigakafin ƙyanda da akwatin sanyinsu, sun zauna a inuwar darbejiya ƙofar gidan mai unguwa. Na ga maigida a bakin zaure yana gyaran kekensa, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Allah ne mai tsarewa," ga jaririnsa a bayan uwa cikin soro, ta kasa cewa uffan.

Malam, gaskiya ne Allah ne mai tsarewa, amma kai ne wanda idan tunkiyarka ta ƙi cin dusa kake neman malamin dabbobi kafin la'asar. Rumbunka kana zuba masa maganin ƙwari, gonarka kana sa mata taki, ba ka taɓa cewa tawakkali ya hana ka ba. Sai a kan ɗan da Allah Ya ba ka amana? Manzon Allah (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara. Wallahi wannan sakaci ne muka yi wa rawani, kuma za a tambaye mu.

Allurar kyauta ce, ana yin ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15. Bazara tana tafe, lokacin da ƙyanda ta fi yaɗuwa ke nan. Don girman Allah, Yaya, ɗauko katin yaron ka duba, ka ba uwarsa izini, in da hali ka kai su asibiti da kanka.