Shinkafa Ta Sha Ruwa, Mai Gona Ya Sha Ƙasa

Watan Afrilu ne, a wani ƙauye da ke bakin fadamar Argungu, lokacin yankan shinkafar rani. Rana ta take, irin wadda ko ƙadangare sai ya nemi gindin bango. Yara biyu sun turo Tanko a baro daga gona, an shimfiɗe shi a bencin Mai Shayi. Ƙafarsa babu takalmi, laka har gwiwa, ɓarin goro na nan a kuncinsa, ko a sume bai yarda ya tofar ba. Sarkin Aska na gefe da zabirarsa. Sarkin Fawa ya bar wa ƙuda teburinsa ya zo kallo.

MAI SHAYI: Ku ja baya ya sha iska! Tanko, kana ji na? Yatsa nawa ne wanga?

TANKO: Huɗu.

MAI SHAYI: Biyu ne.

TANKO: To ka tsai da su wuri guda mana, sannan ka tambaye ni.

SARKIN FAWA: Alhamdu lillahi. Tun da ya iya gardama, da sauran kwana. Ku fasa aikawa a kira liman.

SARKIN ASKA: Mi ya faru, Tanko?

TANKO: Ina duƙe da lauje tun safe. Na miƙe in gyara ƙugu, sai gona ta kama juyi kamar faifai a hannun mai tankaɗe. Duhu ya rufe min ido, kunnuwa sunka ɗauki ƙugi kamar injin ban ruwa. Sati uku ke nan ina haka. Ni da ke aza buhu bisa amalanke ni kaɗai, yanzu dami guda in na ɗauka sai zuciya ta shiga lugude kamar mata uku a turmi ɗaya. Kuma ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba komai. Jifa anka yi min.

SARKIN FAWA: Wa zai ɓata asirinsa a kanka?

TANKO: Kai ba ka ga yadda shinkafata, Faro 44, ta yi min zangarniya bana ba? Mai gonar da ke gabas da ni, duk ya wuce sai ya ce "Allah shi ƙara albarka". Sau uku a rana. Mutumin kirki ba ya yawan addu'a haka.

SARKIN FAWA: Ni dai na san jirinka. Tun 2015 da Buhari ya zo Kebbi ya ƙaddamar da bashin noman shinkafa, duk ranar da masu karɓar bashi sunka shigo gari, jiri ke kwantar da kai a ɗaki.

TANKO: Wancan daban. Wancan ni ke kiran sa. Wanga shi ke zuwa da kansa.

SARKIN ASKA: Ku bar wasa. Mataccen jini ne ya taru masa a gadon baya, shi ke hawa kai. Ƙaho shida, uku dama uku hagu, kafin la'asar ya koma gona.

SARKIN FAWA: Kai a wurinka kowa jini ya yi masa yawa. Bara da jakin Maigari ya harbe ni, ƙaho ka ce.

SARKIN ASKA: Ba ka warke ba?

SARKIN FAWA: Don ban zo ba ne na warke. Tanko, hanta za ka ci. Akwai ta sa a teburina, ta safen nan.

MAI SHAYI: Kowa dai tallar hajarsa yake. Ga magani nan kowa ya sani: Maltina guda, madarar gwangwani guda, a kaɗa da tumatirin gwangwani. Ba ka ga launinsa ba? Jini ne tsantsa.

(Sai ga Ɗan Kemis a kan babur. Bai kashe injin ba, bai kuma dubi maras lafiya ba.)

ƊAN KEMIS: Taifot ne da maleriya.

SARKIN ASKA: Ka san ko wa ke kwance?

ƊAN KEMIS: Ko wane ne. Ƙarin ruwa leda biyu, mai ruwan ɗorawa, da allura uku. In yana son ƙarfin aiki kuma akwai 'yar ƙwaya.

TANKO: Yauwa! Ka ji wanda ya yi karatu. A sa min ruwan. Amma a fara da ƙahon, tun da Sarki ya riga ya buɗe zabira.

(Ana cikin haka Kulu, uwargidan Tanko, ta iso da gorar ruwa a hannu. Bayanta Malama ce, ma'aikaciyar ƙaramin asibitin garin, wadda kowa ke kira Likita in yana neman alfarma. Ɗan Kemis ya kashe babur ya koma bayan rumfa yana duba taya.)

KULU: Sarki, don girman Allah mai da ƙahonka. Malama, kin ga gorar nan? Da asuba na cika ta na ba shi. Dube ta. Ko makurwa guda bai yi ba. Kullum haka take dawowa, har na daina wanke ta.

TANKO: Raggo ke shan ruwa a gona. Ruwa sa nauyin ciki yake.

KULU: Koko fa? Na dama, na soya ƙosai, ya ce zai makara. Ɓarin goro ya jefa a baki ya fita. Da rana in an kai masa fura, sai ya raba wa 'yan ƙwadago don a ce shi mai kyauta ne. Amma injin ban ruwa, tun da anka cire tallafin mai a 2023, akuyata biyu ya ci. Shinkafa ba ta taɓa kwana da ƙishi ba. Mai shinkafar ne ya zama kilishi.

SARKIN FAWA: Kilishi ma ana tsoma shi cikin labu.

MALAMA: Sannu Baba Tanko. Miƙo hannu.

(Ta ɗaura masa abin awon jini yana kwance, ta karanta. Ta sa aka tashe shi tsaye, ta sake aunawa. Tanko ya yi tangaɗi ya kama kafaɗar Sarkin Aska, wanda shi ma ba wani ƙarfi gare shi ba.)

TANKO: Kun gani? Ga shi nan ya dawo! Da na miƙe yake kama ni. Mai jifan ya san lokacin da nake tashi.

MALAMA: Ba kowa ke leƙen ka ba, Baba. Da ka miƙe, awon ya faɗi. In mutum ya daɗe a duƙe ya tashi farat ɗaya, jini yakan gangara ƙafafu, kai ya ɗan rasa rabonsa. Mai isasshen ruwa a jiki, nan da nan jikinsa ke gyarawa. Kai kuwa a ranar nan da zafi ke wuce digiri 40, mai yankan shinkafa yana iya zubar da gumi lita guda a awa ɗaya. Ka zubar tun safe, ba ka mayar da ko moɗa ba. Injinka in rijiya ta ja baya, me yake yi?

TANKO: Tari yake, ya riƙa jan iska.

MALAMA: To kai ma tarin kake. Fitsarinka wane launi ne?

TANKO: Haba Malama! A gaban jama'a? Ga uwar 'ya'yana tsaye.

MAI SHAYI: Bari in taimaka.

(Ya jera kofuna uku na gilashi: ɗaya ruwa ne da ɗan ɗigon shayi, na biyu shayin da ake ba yaro, na uku Lipton ɗin da direbobin tirela ke sha da dare. Tanko ya kau da kai, ya nuna na uku da haɓa.)

SARKIN FAWA: Wayyo! Ni da na saba shan irin wancan.

MALAMA: Wannan kofi na farko ake so. A ƙarshen fitsarin kana ganin jini?

TANKO: Ɗan ɗigo dai. Ai wanga tun muna yara muna wanka a gulbi. Duk namijin da ya isa namiji a garin nan ya yi shi.

MALAMA: Tsargiya ke nan, kuma ba ta san namiji ba, har mata tana kamawa. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗin ruwa, ta huda fata ta shiga, ta je ta yi ƙwai a mafitsara. Ɗigon da kake rainawa, shekara nawa yana ɗiga? Ga ka kuma ba takalmi. A danshin ƙasar da ake bahaya akwai wata tsutsar, ita ta tafin ƙafa take shiga, ta kama hanji tana tsotso. Dubi sama.

(Ta ja fatar idonsa ta ƙasa. Duk suka matso, har Ɗan Kemis. Inda ya kamata a ga ja, fari ne fat kamar cikin kwakwa. Ta buɗe tafin hannunsa ta kara da na Sarkin Fawa, sai ka ce tuwon shinkafa kusa da manja.)

MALAMA: Sarki, wannan ne jinin da ya yi yawa?

SARKIN ASKA: To... shi mataccen jini ai ɓuya yake.

MALAMA: Baba, alamu sun nuna jininka ya yi ƙasa, amma ido ba ya yanke hukunci. Gobe da safe ka zo. Za mu ɗan soki yatsa mu auna, mu duba har da maleriya. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, babban namiji in sakamakon gwajin nan nasa ya gaza 13 yana da ƙarancin jini. Ka zo da fitsari da bayan gida a duba.

TANKO: Tsaya, tsaya. Kin ce jinina ya yi kaɗan?

MALAMA: Haka nake zato.

TANKO: Kuma ɗan abin da ya rage za ki ɗiba? Jama'a ku ji min! Rumbu ya kusa ƙarewa, an ce a kawo zakka.

KULU: Ɗigo guda anka ce. Ɗazu ba kai ke miƙa baya a yi maka ƙaho shida ba?

TANKO: Shi Sarki a gabana yake zubar da shi, ina gani. Su kuwa cikin kwalba suke sa shi su shige ɗaki. Wa ya san inda ake kai shi?

ƊAN KEMIS: Shi ya sa na ce ƙarin ruwa. Mu ƙarawa muke, ba mu ragewa.

MALAMA: Mutumin da ke da bakin surutu haka, yana da bakin shan ruwa. Leda ta wanda ba ya iya haɗiya ce. Mai Shayi, ba ni fiya wata biyu, lita guda ke nan. Sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

MAI SHAYI: Shida? Wa zai biya?

KULU: Sa a littafinsa.

MAI SHAYI: Littafinsa ya cika tun azumi, a bango nake rubutawa.

(Tanko ya kurɓa yana yamutsa fuska. Ya sake kurɓa. Kafin a ankara ya kafa kai ya shanye rabi, goron da ya yini yana gadi ya bi ruwa.)

MALAMA: A hankali! Yau ba komawa gona. Daga yanzu ka karya kafin ka fita, ka riƙa kurɓar ruwa ba sai ƙishi ya kama ka ba, in rana ta take ka nemi inuwa, in za ka miƙe ka miƙe sannu. Ka sayi takalmin roba. In gwaji ya nuna tsutsa ko tsargiya, kowace da maganinta. In an ba ka ƙwayar ƙarin jini za ka ga bayan gida ya yi baƙi, kada ka ce an sake jifa. Amma Inna Kulu, in ya yi kukan ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi masa wuya yana zaune, ko ya sake suma, ko jikinsa ya yi zafi rau ya fara sambatu, kada a tsaya rumfar nan. Babban asibiti za a nufa kai tsaye.

KULU: Sambatun fa yaya zan gane? Shekara talatin ina jin su.

MAI SHAYI: Malama, haɗin Maltinata fa?

MALAMA: Yana da daɗi, yana cika ciki, amma sinadarin ƙarfen da ke gina jini ba shi da yawa a ciki. Shayinka ma in an sha shi a kan abinci yana hana jiki ɗaukar sinadarin. Ya bari sai bayan awa ɗaya ko biyu.

MAI SHAYI: Sukarina kinka ci, kuma kika kashe min kasuwa.

MALAMA: Ya ci wake, zogale, alayyafo, da kifi, ga gulbi kusa. A matsa lemun tsami a kai, yana taimakawa. Sai nama, musamman hanta.

SARKIN FAWA: Mi kinka ce? Maimaita da ƙarfi, Sarkin Aska bai ji ba!

MALAMA: Hanta.

SARKIN FAWA: Allahu akbar! Shekara arba'in ina faɗa ana cewa talla ce. Daga yau Dokta za ku riƙa kira na. Yaro, ruga ka yanko wa Tanko hanta.

TANKO: Allah shi biya ka, Dokta. Da an sussuke shinkafa zan...

SARKIN FAWA: Yaro, dawo. Asibitina ba a bashi.

TANKO: Nawa ne?

(Sarkin Fawa ya duƙa ya raɗa masa a kunne. Tanko ya lumshe ido, ya sulale ya koma kan benci.)

TANKO: Ku riƙe ni. Ya dawo.

MALAMA: Wanne daga ciki?

KULU: Wanda yake kira da kansa ne. Bar shi ya kwanta, Malama. Sarkin Fawa, yanko hantar. Akwai galan ɗin fetur a bayan ƙyaure, yanzu zan aiko maka da shi.

TANKO: (ya miƙe zumbur) Kada wanda ya taɓa min fetur!

MALAMA: Baba, na ce sannu-sannu ake miƙewa.

(Sarkin Aska dai bai ce uffan ba. Ya zagaya bayan rumfa, ya ciro ɗan madubin aski daga zabira, ya ja fatar idonsa ya daɗe yana dubawa. Sannan ya leƙo.)

SARKIN ASKA: Malama, gobe ƙarfe nawa kuke buɗewa? Wani abokina ke tambaya.