Ba a ranar cike fom ake gane halin likitan ƙashi ba

Tun 1999 hukumar ACGME, mai kula da horar da likitoci a Amurka, ta sa ɗabi'ar aiki cikin ginshiƙai shida da ake auna likita mai neman ƙwarewa da su, a 2013 kuma ta fito da matakan bin ci gabansa. Duk da haka, a wurare da dama abin ya tsaya a takarda. Ƙarshen zango ya yi, babban likita ya ɗauki fom, ya ba kowa huɗu cikin biyar, ya rubuta "mai ladabi ne". To ladabi ga wa? Ga shi babban likitan, ba shakka.

A ganina, a tiyatar ƙashi hali a aikace ake ganinsa, kuma yawanci cikin dare.

Ƙarfe biyu na dare nas ta kira: wanda aka yi wa ɗaurin filasta a ƙwauri yana kukan ciwo, allura ba ta kama shi. Wani likitan zai ce a ƙara magani, ya koma barci. Wani zai taso, ya miƙe yatsun ƙafar ya ga ko ciwon ya ƙaru, ya tsaga filastar har fata, in bai lafa ba ya tashi babban likita. Dalili kuwa, idan kumburi ya matse tsoka a cikin jakarta jini ya daina ratsa ta, bayan kimanin awa shida tsokar na iya mutuwa. Kuma jiran bugun jini ya ɓace a ƙafar kuskure ne, shi ne alamar ƙarshe. Likitocin nan biyu duk sun san wannan a jarrabawa. Bambancin ba na ilimi ba ne.

Haka sa hannu a gaɓar da za a yi wa aiki don kada a yanka wadda ba ita ba, wanda ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ta yi wa gangami tun 1998. Likitan da kansa ya sa alamar, majiyyaci na farke yana tabbatarwa, ko ya aiki ƙarami? Da ƙusa ta karye a cikin ƙashi, ya rubuta a bayanin aiki, ya gaya wa mai jikin?

Wanda ya ga abin shi ya kamata a tambaya: nas, mai sa barci, mai gashin ƙashi, ƙananan likitoci, majiyyata. A ɓoye sunayensu, a tara ra'ayi da yawa, domin mutum ɗaya na iya zuwa da ƙullin zuciya. A rubuta abin da ya faru da ranarsa. "Bai amsa kira ba sau uku ranar Talata" ana iya gyara shi, "ba shi da kirki" kuwa faɗa kawai yake jawowa. A zauna da likitan cikin makon, a keɓe, a fara da tambayar ko gajiya ce ko wata damuwa. In ya maimaita, a sa masa wa'adi a rubuce.

Masu cewa ƙuruciya ce zai daina, wani bincike da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 2005 ya nuna likitocin da hukumomi suka hukunta sun ninka sauran kusan sau uku wajen samun tarihin rashin ɗa'a tun suna makaranta.

Sai dai fom ɗin nan ya hau sama ma. Babban likitan da ke jifa da almakashi a ɗakin tiyata, ko yake zaɓar ƙarfen dashe saboda kamfanin ya biya masa kuɗin tafiya taro, shi ma a ba nas-nas da ƙananan likitoci takardarsa su cike, ba suna.