Zamanin da Amurka take biyan kuɗin fansa a gaɓar Bahar Rum

Wanda ya buɗe ido ya tarar da Amurka mai jiragen yaƙi a kowane teku, da wuya ya yarda cewa a 1785 ta sayar da jirgin yaƙinta na ƙarshe saboda ba ta da kuɗin kula da shi. A wannan shekarar ce mayaƙan teku na Aljiyas, babban birnin Aljeriya ta yau, suka kama jiragenta na fatauci guda biyu da mutum 21 a ciki. Wasu annoba ta kashe su a can, wasu kuma sai da suka shekara 11 a hannu kafin su ga gida.

Kafin 'yancin kai, jiragen Amurkawa a inuwar tutar Ingila suke ratsa Bahar Rum. Da aka raba gari a 1783 inuwar ta kau, ga shi majalisar sabuwar ƙasar ba ta da ikon karɓar haraji, sai dai ta roƙi jihohi su ba ta abin da suka ga dama. A cikin wannan hali ne John Adams da Thomas Jefferson, jakadun Amurka a Turai, suka zauna da jakadan Tarabulus, babban birnin Libiya ta yau, a Landan a 1786, suka tashi da ra'ayi biyu. Jefferson ya ga a yi yaƙi. Adams ya ce a biya kamar yadda ƙasashen Turai ke biya, don asarar da ake yi a kasuwanci ta fi kuɗin da ake nema.

Ni dai ina bayan Adams a wannan gaɓar. Shugaban da mutanensa ke fasa dutse a ƙasar wani, shi kuma ba shi da ko jirgi ɗaya, idan ya ce mutunci ya hana shi biya, da rayukan talakawa yake sayen mutuncin. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, muddin mai durƙuson yana shirin miƙewa. Kuma sun yi shirin. Da Aljiyas ta sake kama jirage 11 a 1793, majalisa ta amince a 1794 a ƙera manyan jiragen yaƙi shida, a lokaci guda kuma gwamnatin George Washington ta ci gaba da ciniki har aka daidaita a 1795 a kan dala 642,500 da kayan jirgi duk shekara. Kuɗin ya yi wa baitulmalin ƙasar nauyi ƙwarai, amma mutanen sun dawo a 1796, kuma katakon jiragen na hannun masassaƙa.

Masu son mayar da labarin yaƙin Musulmi da Kirista ba su yi wa tarihi adalci ba. Sarkin Maroko Muhammad na Uku ya buɗe wa jiragen Amurka tashoshinsa tun 1777, ana tsakiyar yaƙin neman 'yanci, kuma yarjejeniyar abotar da suka ƙulla a 1786 tana nan har yau. Yarjejeniyar Tarabulus kuwa, wadda majalisar dattawa ta amince da ita a 1797 babu mai ja, a rubutunta na Turanci ta faɗa ƙarara cewa ba a kafa gwamnatin Amurka a kan addinin Kirista ba, kuma ba ta gaba da Musulmi. Rigimar ta kuɗi ce da hanyar fatauci. Ya kamata kuma a tuna, ƙasar da ke kukan an bautar da 'ya'yanta ɗari da wani abu, ƙidayar 1790 ta nuna tana riƙe da bayi kusan 700,000, cikinsu har da Musulmi da aka kwaso daga Afirka ta Yamma. Wannan yana sosa mini rai duk lokacin da na karanta koke-kokensu.

Inda na fi ganin laifin Amurka shi ne Darna, wani gari a gaɓar teku da ke ƙarƙashin mulkin Tarabulus. A 1801 Yusuf Karamanli, mai mulkin Tarabulus, garin nan da ayarin fatake daga Kano ke sauke kaya bayan sun ƙetare hamada, ya sa aka sare sandar tutar ofishin jakadancin Amurka don neman ƙarin kuɗi. Jefferson, wanda ya zama shugaba, ya tura jirage. A 1803 jirgin yaƙin Amurka mai suna Philadelphia ya kafe a bakin Tarabulus, aka kama mutum sama da 300. Sai William Eaton, wani jami'in Amurka, ya nemo Ahmad Karamanli, yayan Yusuf wanda aka ƙwace wa gadon sarauta, ya yi masa alkawarin mayar da shi. Suka taso daga Iskandariyya da 'yan tsirarun sojan Amurka da ɗaruruwan Larabawa da Girkawa, suka keta hamada a ƙafa da raƙuma, suka ci Darna a Afrilun 1805.

Yusuf ya tsorata, kuma wannan tsoron Amurka take so. Cikin watan Yuni jakadanta Tobias Lear ya sa hannu a sulhu, aka biya dala 60,000 aka karɓo fursunoni. Sulhun kansa ban ga aibunsa ba, gara shi da zubar da jini. Amma mutanen da suka ba da wuyansu saboda alkawarin Eaton fa? Da dare aka sulale da shi da Ahmad da sojojin Kirista zuwa jirgi, aka bar Larabawan da suka yi yaƙin da mutanen garin da suka yi mubaya'a su ji da fushin Yusuf. Lear ya kuma amince da wani sharaɗi a ɓoye, wanda ya ba Yusuf shekara huɗu kafin ya sako matar Ahmad da 'ya'yansa da yake garkuwa da su, kuma majalisar dattawa ta amince da yarjejeniyar ba tare da ta san da shi ba.