Ƙaramin tudu ma yana da lissafinsa

Jama'a, duk lokacin da aka saka hoton wani tudu mai kyau a karkara, ciyawa kore shar, gonaki shimfiɗe a gindinsa, sai ka ga mutane suna cewa "ai wannan gobe ma sai mu hau". Ra'ayina shi ne irin wannan tudun, wanda bai kai a kira shi babban tsauni ba, shi ya fi saurin jefa mutane cikin wahala. Babban tsauni kowa na jin tsoronsa, don haka ake yi masa shiri. Ƙaramin kuwa da silifas ake tunkararsa, da rabin gorar ruwa, bayan rana ta riga ta karkata. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Abu na farko da ake kuskurewa shi ne lokaci. Ido ba ya auna hawa. Akwai wani lissafi da masu hawan duwatsu ke amfani da shi tun 1892, wanda wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fito da shi: kowace kilomita 5 ta tafiya ka ba ta awa ɗaya, sannan kowace mita 600 ta hawa ka ƙara wata awa ɗaya. A ce zuwa da dawowa kilomita 6 ne, tudun kuma ya ɗaga mita 300 daga inda kuka fara. Tafiyar ta ci awa ɗaya da minti 12, hawan ya ci minti 30, jimla awa ɗaya da minti 42. Sai dai wannan lissafi na mai ƙarfi ne wanda ya saba, kuma babu hutu a cikinsa. In akwai yara ko dattijo ko wanda bai saba ba, ku ƙara rabin abin da kuka samu. Ayari da saurin na baya yake tafiya, komai ƙarfin na gaba.

Daga nan sai a tsayar da lokacin juyawa tun ana ƙasa. A ce, misali, ƙarfe kaza muna juyowa ko mun kai sama ko ba mu kai ba, yadda za a iso gindin tudu da sauran aƙalla awa ɗaya kafin faɗuwar rana. Wannan magana a ƙasa ake yanke ta, domin a sama zuciya ba ta yarda. Tudu yana da wata yaudara: ka hango abin da ka ɗauka shi ne ƙololuwa, ka isa, sai ka tarar da wani doron a bayansa, bayan shi ma da wani. Kowane doro zai ce maka saura kaɗan. In babu agogo a kusa, miƙa hannunka sosai ka jera yatsu tsakanin rana da inda sama ta haɗu da ƙasa. Kowane yatsa kusan minti 15 ne.

Yanzu ga abin da na fi so a ji. Saukowa ta fi hawa haɗari, kuma ita ce ba a tanadar wa ƙarfi. A hawa numfashi ne ke wahala, shi kuwa da ka tsaya minti biyu ya dawo. A gangara naman gaban cinya ne ke riƙe nauyin jiki a kowane taku, yana aikin birki, ga shi ya riga ya gaji. Shi ya sa ƙafa ke fara rawa, shi ya sa ciwon cinya ke tasowa washegari ko bayan kwana biyu. Targaɗe da zamewa a nan suka fi faruwa, lokacin da hankali ya riga ya koma gida. Dabarar ba ta da wuya: gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kada a sanƙarar da ita. Kada ka jingina baya don tsoron gangara, domin da ka yi haka nauyi ya koma kan dunduniya, ita ce kuma ke zamewa. Inda ya yi tsayi sosai, juya gefe ka sauka a karkace. Mafi munin wuri shi ne shimfiɗaɗɗen dutse da ƙananan tsakuwa suka bazu a kansa, sai kuma dutsen da ya jiƙe ya yi gansakuka. Sanda ɗaya mai ƙwari tana rage wa gwiwa aiki sosai. Kafin a fara sauka kuma, a tsaya a sake ɗaure igiyar takalmi tamau ta wajen idon sawu, in ba haka ba yatsu za su yi ta dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi.

Takalmin ma ba sai mai tsada ba. A samu wanda ƙasansa ke da zane mai zurfi da ke kama ƙasa, wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabon takalmi ranar hawa neman bororo ne. Bororo daga goga da danshi yake fitowa, kuma yana sanarwa kafin ya fito: wurin zai fara ɗumi yana ɗan zafi. A tsaya nan take a manna filasta. Safar auduga tana riƙe gumi, ta ulu ko ta roba-roba ta fi.

Ruwa, a lissafa kusan rabin lita kowace awa, in ana zafi a ninka. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan tun ƙishi bai kama ba. Ruwan ƙorama, komai haskensa, in akwai dabbobi na kiwo a samansa ba a sha sai an tafasa. A jaka kuma a saka tocila ta gaske, ba ta waya ba, da usur, da riga mai tare iska. Iska tana sanyi da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1000 ta hawa, wato a tudun mita 300 bambancin bai wuce digiri 2 ba, amma ka isa jiƙe da gumi, ga iska babu abin da ya tare ta, cikin minti goma sai haƙora su fara haɗuwa. Waya kuwa in tana neman sabis ba ta samu, cajinta zuba yake yi. A sauke taswirar wurin tun daga gida, a kuma gaya wa wani hanyar da za a bi da lokacin da ya kamata a dawo.

Hadari ba a jayayya da shi a kan tudu. In ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce. In ƙirgar ta gaza 30, kana inda aradu za ta iya kaiwa, sai a bar saman da doron tudu a gangara. Kada a fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai ko bakin ƙaramin kogo, kada kuma a dunƙule wuri ɗaya. A jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Hazo shi ma yakan rufe hanya farat ɗaya, kuma mai sauka cikin hazo yakan bi inda ya fi sauƙin gangara, wanda sau da yawa kwazazzabo yake kaiwa.

Sai maganar da ke ɓata mini rai, masu yanke. Hanyar tudu da ke karkacewa dama da hagu ba don wauta aka yi ta haka ba, don a rage wahalar hawa ne kuma ruwan sama ya rasa miƙaƙƙiyar hanyar gudu. Mutum goma su yanke kai tsaye, ciyawa ta mutu. Ruwa ya zo ya sami layi a buɗe, ya kwashe ƙasar, bayan 'yan shekaru wurin ya zama rami. Ƙasar tudu siririya ce, ba ta dawowa da wuri. Haka leda da gorar roba da guntun sigari, wanda a busasshiyar ciyawa shi kaɗai ya isa ya tayar da gobara, wuta kuma ta fi gudu in tana hawa tudu. Kada kuma a manta yawancin waɗannan wurare gonar wani ce ko makiyayarsa. Ƙofar shinge a bar ta yadda aka same ta, a bi gefen shuka, a ba saniya mai ɗan maraƙi fili sosai. Hannu ba ya shiga ramin da ido bai gani ba. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Bayan an dawo a duba jiki saboda kaska, musamman bayan gwiwa da ƙugu.

Duk wannan ba don a hana kowa zuwa ba ne, ku je. Daga mita 300 sama da fili, ranar da sama ta washe, ido na iya kaiwa kusan kilomita 60. Mai son tsuntsaye da hoto ya fita da sassafe, lokacin da haske ke zuwa a karkace yana fito da kowane kwari da kowane doro, iska ba ta yi ƙura ba, tsuntsaye na kuka. Da hantsi ya ɗaga, ƙasa ta ɗauki zafi, shaho da mikiya za su fara shawagi a kan iskar da ke tashi daga jikin tudun, wani lokacin ma a ƙasa da inda kake zaune, har ka ga bayan fikafikansu. Wanda ya fara hawa ƙarfe 6 na safe zai ga duk wannan, ya kuma sauko kafin rana ta take.