Kafin ka kai buhun godiya coci

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Kaka ta yi, ikilisiyoyi sun fara sa ranar godiya. Za a shigo da buhunan masara da dawa, da doya, da kaji a ɗaure, zumuntar mata suna kaɗa tulu, kowane gida yana fitowa da rawa. Abin yana da kyau ƙwarai, ni ma ba a bari na a baya wajen rawar. Amma ɗan'uwa, yaran da suka yi maka girbin masarar nan, ka biya su?

A Littafin Firistoci 19:13 Allah ya hana a kwana da ladar ɗan ƙodago har gari ya waye. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta faɗi dalili: mutumin talaka ne, a kan kuɗin nan ya sa ransa, don haka a ba shi kafin rana ta faɗi. Yakubu 5:4 kuwa ya fi tsoratar da ni, domin ya ce hakkin masu girbi da aka danne yana kuka, kukansu kuma ya kai kunnen Ubangiji Mai Runduna. Yaro ya yini a sunkuye cikin rana, kullum sai ka ce masa "dawo ran kasuwa", ga shi kana gaban jama'a ana tafa maka saboda girman buhunka. Wanda kake yi wa godiyar ya riga ya ji kukan yaron.

Mu 'yan kasuwa ma maganar ta shafe mu. Kowa ya san mudun da aka buga wa gindi ya shige ciki, kowa ya san mai ajiye mudu biyu, babba na saye daga hannun manomi, ƙarami na sayar wa mai cefane. Ba yau aka fara ba. Maimaitawar Shari'a 25:14 ta hana ajiye ma'auni iri biyu a gida, babba da ƙarami, Karin Magana 11:1 kuma ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji. Haka wake mai kyau a bakin buhu, mai ƙwari a ƙasa. Mama, matar da kika auna wa ran Litinin, Kirista ce ko Musulma, ba ta ji waƙar da kika yi ran Lahadi ba. Tuwon da bai ishi yaranta ba da dare shi ta gani.

Bulus yana ɗaure a kurkuku ya rubuta wa Kolosiyawa cewa duk abin da za su yi, da magana ko da aiki, su yi shi da sunan Ubangiji Yesu suna gode wa Allah Uba (3:17). Duk abin da za su yi ya ce. Har da yadda ake yi wa yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye, wadda take cin ƙanzo a kicin bayan kowa ya ƙoshi, yaran gida suna tafiya makaranta ita tana wanki.

Ku duba Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko. Da Yesu ya sauka a gidansa, murnarsa ta taɓa aljihunsa: rabin dukiyarsa ga matalauta, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8). Ba wanda ya tilasta shi. Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan.

Ban ce kowa ya fasa kai baikonsa ba, a kai, a yi rawa. Amma a makon nan ka zauna ka lissafa masu bin ka hakki. Idan kuɗin bai cika a hannunka ba, kada ka aika yaro ya ce ba ka nan. Je ka same shi da kanka, ka ba shi abin da ya samu, ku sa ranar cikon.